ƁATAN WATA: ABIN DA KE JINKIRTA JININ AL'ADA, DA LOKACIN DA YA KAMATA A TAFI ASIBITI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



'Yan uwa, darasinmu na yau na mata ne, amma maza nake so su fara karantawa. Domin a garuruwanmu, tun daga Birnin Kudu har Gwaram da ƙauyukan da ke tsakani, mace ba ta cika zuwa asibiti ba sai da izinin miji, da kuɗin miji, sau da yawa ma a kan babur ɗin miji. Idan namiji bai gane ba, ganewar mace ita kaɗai ba ta kai ta ko'ina.

ABIN DA YA SA NA RUBUTA

A shekarata ta biyu da fara limanci, wani bawan Allah daga wani ƙauye ta wajen Gwaram ya tare ni bayan sallar Magariba. Ya jira har mutane suka watse, sannan ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, iyalina ce ba lafiya. Ta yi ɓatan wata, yau kusan sati uku da wucewar lokacinta. Mara tana yi mata ciwo ta gefe guda, jini kuma yana ɗan ɗiso mata baƙi-baƙi. Surukata ta ce jifa ne, wai abokiyar zamanta ce ba ta so ta haihu."

Ni kuma a lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, kaina cike da Nahawu da Balaga, babin haila kuwa tun daga Ahalari har Risala a bakina yake. Na tsaya na yi masa bayani a kan hukuncin wannan ɗigon jinin da sallarta. Na hana shi zargin kishiya. Na ba shi addu'o'i, na ce ta riƙa shan zuma da habbatus sauda. Duk abin da na gaya masa daidai ne. Kalma ɗaya ce ban faɗa ba, ita ce asibiti.

Bayan kwana biyu matar ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Cikin dare aka nemo mota aka kawo ta Birnin Kudu. Ashe ciki ne da ita, amma bai zauna a mahaifa ba, a cikin siririn bututun da ƙwai ke bi ya maƙale, da ya girma sai bututun ya fashe, jini ya taru a cikinta. Aka yi mata tiyata, aka yi mata ƙarin jini, Allah ya yi da sauran kwana a gaba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne da mijin ya dawo yana yi mini godiya, wai addu'ar da na ba su ce ta yi tasiri. Wallahi ranar kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Tun daga nan na ɗaukar wa kaina alkawari. Na riƙa zama da likitoci da ungozomomin asibiti ina tambayarsu kamar ɗalibi a gaban malami. Abin da za ku karanta na ɓangaren lafiya daga nan na same shi. Na fiƙihu kuma daga littattafanmu ne da kuka sani.

YADDA AL'ADA TAKE ZUWA

Kafin a gane jinkiri sai an gane tsari. Ana ƙirga zagayen al'ada ne daga ranar farko da aka ga jini zuwa ranar farko ta jinin da zai biyo baya. A wajen mace baliga, daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne. Ba dole sai 28 ba. Yarinyar da ta fara sabo-sabo kuwa, a shekarun farko nata yana iya kaiwa kwana 45, wani lokaci ma ta tsallake wata, saboda jikin bai gama daidaita ba. Bambancin 'yan kwanaki tsakanin wata da wata ba ciwo ba ne.

To mene ne yake kawo jinin? Ku ɗauki misalin umarnin da ya taso daga fadar Sarkin Dutse. Ya sauka wajen hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, sannan sankira ya yi shela. Haka Allah ya tsara jikin mace. Umarnin yana tasowa daga ƙwaƙwalwa, ya sauka ga wata 'yar ƙwaya da ke ƙasan ƙwaƙwalwar, ita kuma ta aika saƙo ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai. Waɗannan saƙonni su ne sinadaran da ake kira homon. Ƙwai ya nuna ya fito, mahaifa ta yi shimfiɗa tana jiran baƙo. Idan ciki bai shiga ba, bayan kamar kwana 14 da fitar ƙwan sai shimfiɗar ta zube. Wannan shi ne jinin haila.

Kun ga ke nan idan saƙo ya tsaya a wajen hakimi ko dagaci, shela za ta makara. Yawancin jinkirin al'ada jinkirin fitar ƙwai ne. Maganar da ake yi cewa jini ya daskare a mara yana jiran a ba shi maganin da zai kore shi, a mafi yawan lokuta ba haka abin yake ba. Shimfiɗar ce ba ta kai lokacin zubewa ba tukuna.

DALILAN JINKIRI

Na ɗaya, ciki. Ga duk matar da ke tare da miji, wannan shi ake fara dubawa, ko tana shayarwa, ko tana tazarar haihuwa, ko ta haura arba'in. Tsinken gwajin fitsari yana nan a kemis, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ana iya gwadawa daga ranar da lokaci ya wuce, kuma fitsarin farko na asuba ya fi nunawa. Idan bai nuna ba, jini kuma bai zo ba, a sake bayan sati ɗaya.

Na biyu, shayarwa. Sinadarin da yake kawo ruwan nono shi ne kuma yake danne fitar ƙwai. Shi ya sa wata sai ta shekara tana goyo ba ta ga jini ba, wata kuma da yin arba'in ba da daɗewa ba ya dawo. Duk lafiya ne. Amma 'yar uwa ki lura, ƙwai yana riga jini fitowa. Ana iya samun ciki ba a ga al'ada ko sau ɗaya ba bayan haihuwa, kuma ta nan kwanika take shigowa. Shayarwa tana zama kariya mai ƙarfi ne idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba.

Na uku, magungunan tazarar haihuwa. Allurar wata uku da ta wata biyu, da ashanar da ake sa wa a hannu, suna iya rage jini, ko su rikita shi, ko su ɗauke shi gaba ɗaya. Wannan ba ya nufin jinin yana taruwa a ciki, mahaifar ce ba ta yi shimfiɗa mai kauri ba. Bayan an daina allurar wata uku, al'ada tana iya ɗaukar watanni, har kusan shekara, kafin ta koma daidai. Haka ƙwayar da wasu ke sha don ɗage al'ada saboda azumi ko Hajji da Umara, tana iya rikita watan da zai biyo baya.

Na huɗu, damuwa da tashin hankali. Rasuwa, saki, shirin biki, zuwan amarya, jarrabawa, jinyar yaro, rashin barci, doguwar tafiya. Tun da daga ƙwaƙwalwa umarnin yake tasowa, idan ƙwaƙwalwa ta ga gida ba lafiya sai ta dakatar da shi. Maigida, wani lokacin kai ne dalilin, da irin maganganun da kake yaɓa mata.

Na biyar, yunwa, rama da aikin wahala. Matar da ke surfe da daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, ta shiga kaɗen shinkafa ko riɗi, abincin kuma bai kai ba, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, jikinta yana iya dakatar da al'ada. Manomi ma ba ya zuba iri a busasshiyar ƙasa. Ƙiba mai yawa ita ma tana rikita tsarin, ta wancan ɓangaren.

Na shida, wata matsala ta ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke kira PCOS. Ƙwayaye da yawa suna fara nuna amma ba wanda yake ƙarasawa ya fito a kan lokaci. Alamominta: al'ada sai bayan wata biyu ko uku, ƙurajen fuska, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙiba, baƙi a bayan wuya, da wahalar samun ciki. Tana samun kusan mace ɗaya cikin goma a duniya, kuma da yawansu ba su san suna da ita ba. Tana da alaƙa da ciwon suga. Ana shawo kanta, kuma masu ita da yawa suna haihuwa idan sun samu kulawa. Mata nawa aka saka ko aka yi wa gori da juya alhali wannan ce matsalarsu?

Na bakwai, ƙwayar da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Idan aikinta ya yi yawa, mace ta riƙa ramewa, da bugun zuciya, da gumi, da rawar hannu. Idan ya yi ƙasa, sai kasala, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata. Duka biyun suna taɓa al'ada, ko da wuyan bai kumbura ba. Gwajin jini ne yake nunawa.

Na takwas, zubar ruwan nono ga wadda ba ta goyo. Wannan yana nuna sinadarin nono ya yi yawa. Wani lokaci magani ne ya jawo, kamar wasu magungunan taɓin hankali, wani lokaci kuma ɗan ƙari ne a waccan ƙwayar ta ƙasan ƙwaƙwalwa. Idan ya haɗu da ciwon kai da raguwar gani, kada a yi wasa. Masu shan Tramadol da kodin su ma su sani, waɗannan suna ɗauke al'ada.

Na tara, doguwar rashin lafiya: tarin fuka, ciwon suga da ba a kula da shi ba, ciwon ƙoda, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki. Yara masu sikila kuma sukan makara wajen fara al'ada.

Na goma, abin da ke biyo bayan haihuwa ko ɓari. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ta galabaita, bayan nan nono ya ƙi zuwa, al'ada ba ta dawo ba, gashin hamata da na mara ya zube, kullum tana cikin kasala da jiri, to mai yiwuwa ƙarancin jinin ya taɓa waccan ƙwayar ta ƙasan ƙwaƙwalwa. Wani likita ɗan Ingila mai suna Harold Sheehan ne ya yi bayanin wannan ciwo a 1937, da sunansa ake kiransa. A wuraren da ake yawan haihuwa a gida irin namu ba baƙo ba ne, kuma yana da maganin da ake sha a rayu lafiya. Haka wadda aka yi wa wankin ciki, daga nan jini ya ɗauke ko ya koma ɗan kaɗan, wataƙila bangon mahaifa ne ya manne.

Na ƙarshe, shekaru. Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Kafin ta tafi takan yi ta tsalle-tsalle na wasu shekaru, da jin zafi yana taso wa mace, da gumin dare. Idan an yi wata 12 cif ba jini, ta ɗauke. Amma idan ta ɗauke kafin shekara 40, wannan abin dubawa ne, don yana shafar haihuwa da ƙarfin ƙashi.

LOKACIN DA BA A JIRAN GARI YA WAYE

Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. Matar da ta yi ɓatan wata, sannan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota nan take:

Ciwon mara mai tsanani, musamman ta gefe guda.
Jiri, ganin duhu, suma, ko jiki ya yi sanyi, tafin hannu da cikin ido suka yi fari.
Ciwo a saman kafaɗa tare da ciwon ciki.
Zubar jini mai yawa, yana jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko yana fitowa guda-guda.
Zazzaɓi da ruwa mai wari daga gaba, musamman bayan ɓari.
Amai ba tsayawa, ko ruwa ba ya zama.

Cikin da ke zama a wajen mahaifa yana samun kamar ɗaya zuwa biyu cikin kowane ciki ɗari, kuma yawanci a watanni ukun farko yake bayyana. Ba ya komawa mahaifa, ba ya rayuwa, idan ya fashe cikin awoyi kaɗan yake kisa. Jinin a ciki yake zuba, shi ya sa mutanen gida ba sa ganin komai sai mace ta faɗi. Irin wannan ba aikin kemis ba ne, ba kuma aikin ƙaramin asibitin unguwa ba. A nufi inda ake tiyata da ƙarin jini. Mu a nan Allah ya yi mana gata, Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana cikin garin Birnin Kudu. Wanda yake Sara, ko Basirka, ko Fagam, ko Sundimina, tun yana zaune lafiya ya san lambar direban da zai kira da tsakar dare. A tafi da 'yan uwa maza masu iya ba da jini.

LOKACIN DA ZA A SHIRYA A JE, BA DA GUDU BA

Idan gwaji ya nuna ciki, a fara awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwan farko ya kasance cikin sati 12 na farko, kuma a ga ma'aikatan lafiya sau takwas kafin haihuwa. Al'adar nan ta ɓoye ciki sai ya yi wata shida saboda kunya ko tsoron baki, tana jawo mana asara.

Idan gwaji bai nuna ciki ba, a je asibiti a waɗannan halaye: wadda al'adarta ke zuwa daidai ta yi wata uku ba ta gani ba, wadda dama tata a rikice take ta yi wata shida, wadda kullum tazararta ke wuce kwana 35, wadda ke da ɗaya daga alamomin da na lissafa a sama, wadda ta shekara da miji suna tare ba ciki, idan kuma ta haura 35 wata shida ya isa, kuma a nan mijin ma a gwada shi.

Yarinya kuma, idan ta kai 15 ba ta fara ba, ko ta kai 13 babu alamar ƙirgen dangi, a kai ta. Idan tana ciwon mara duk wata amma jini ba ya fitowa, mai yiwuwa wata 'yar fata ce ta rufe hanya, aiki ne ƙarami a asibiti. Don Allah kada a kai ta wajen wanzami a yi mata yankan gishiri. Wannan yankan ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari.

Sannan iyayenmu mata, wadda al'adarta ta ɗauke shekara guda ko fiye, sai jini ya dawo, kada ta ce ƙuruciya ce ta dawo. A duba, domin yana cikin alamomin sankarar mahaifa, kuma kama ta da wuri shi ne dabara.

Kafin ki je, ki san ranar da jininki na ƙarshe ya fara. Tambayar farko ke nan da za a yi miki. Ki riƙa yin alama a kalanda ko a waya. Ki tafi da duk maganin da kike sha, har na gargajiya da na Islamiyya, kada ki ɓoye.

HUKUNCE-HUKUNCEN DA SUKA RATAYA A KAI

Na farko, sallah da azumi. Shari'a da ganin jini ta rataya hukunci, ba da kwanan wata ba. Wadda lokacinta ya yi jini bai zo ba mai tsarki ce. Za ta yi sallah, za ta yi azumi, mijinta zai kusance ta. Ciwon mara da ciwon baya ba sa sauke sallah. Na sha samun masu cewa sun ajiye sallah kwana uku suna jira. Wadda ta yi haka ta rama.

Na biyu, idda. Aya ta 228 a Suratul Baƙara ta ɗora wa matar da aka saka amanar abin da ke mahaifarta, ba ya halatta ta ɓoye ciki ko haila don ta tsawaita idda ko ta gajarta ta. Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta bayyana iddar mai ciki ita ce haihuwa, ta wadda ta yanke ƙauna daga haila kuma wata uku. To wadda tana haila sai ta ɗauke mata ba a san dalili ba fa? A mazhabar Imamu Malik za ta zauna wata tara don a tabbatar babu ciki, sannan ta ƙara uku, shekara guda ke nan. Hukuncin Sayyidina Umar ne, yana cikin Muwaɗɗa. Idan kuwa shayarwa ce ta ɗauke, to jinin za ta jira. A Muwaɗɗa ɗin dai akwai labarin Habban, wanda ya saki matarsa Ba'ansariya tana shayarwa, shekara ta wuce ba ta ga haila ba har ya rasu, Sayyidina Usman ya ba ta gado bisa shawarar Sayyidina Ali. Kun ga sahabbai sun san goyo yana riƙe al'ada, har suka gina hukuncin gado a kai. Saboda haka masu ɗaura wa bazawara aure da an ƙirga wata uku, ba a tambaye ta tsarki nawa ta yi ba, su ji tsoron Allah.

Na uku, kwantaccen ciki. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ambaci cewa ciki yana iya kaiwa shekara huɗu ko biyar. Sun dogara ne da labaran da suka iso musu a zamaninsu, kuma sun yi amfani da shi wajen kare nasabar yaro da tunkuɗe haddi daga mace. Yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta duba lokacin da ta wanke Amina Lawal a watan Satumba na 2003. Wannan magana ce ta alƙalai a kotu. Ba hujja ba ce ta mace ta zauna shekara biyu ba jini tana cewa cikinta ne ya kwanta. Yau hoton ciki cikin mintuna kaɗan zai nuna ko akwai ɗa ko babu. Abin da ake zaton kwantacce yana iya zama cikin da ya lalace bai fita ba, ko ƙari, ko ɗaya daga cututtukan da na lissafa.

Na huɗu, maganin "sauko da jini". A kasuwa da kemis ana sayar da ƙwayoyi da jiƙe-jiƙe, wasu har da kanwa mai yawa. Idan ciki ne, kin yi yunƙurin zubar da shi, kuma malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan wannan tun daga farkon shigarsa. Idan a wajen mahaifa yake, kin ɓata lokacin ceton ranki. Idan ba ciki ba ne, kin rufe alamar ciwon da ya kamata a gano. A gwada tukuna.

Na biyar, ruƙya da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne, amma ba kowane ɓatan wata ne jifa ko namijin dare ba. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. 'Yan uwana malamai da masu ruƙya, idan an kawo muku irin wannan, ku fara tambayar ko an yi gwaji. Kada ku maimaita kuskurena. Game da likita namiji kuma, a nemi mace, idan ba a samu ba larura ta halatta, gwargwadon buƙata, ba tare da keɓancewa ba.

KAFIN A ƊAGA WA YARINYA HANNU

Bara wani dattijo ya zo mini ransa a ɓace. 'Yarsa mai shekara 16 ta yi wata uku ba ta yi fashin sallah ba, matan gida sun fara ƙus-ƙus, yayanta har ya mare ta, ana shirin cire ta daga makaranta. Na ce, "Baba, an gwada ta?" Ya ce, "Malam, ai abin kunya ne a kai budurwa gwaji." Na ce, "Baba, mari da zargi ba su fi gwajin zama abin kunya ba?" Ya yi shiru. Washegari uwarta ta kai ta. Babu ciki. Yarinya ce ta rame, ga ƙarancin jini, ga fargabar jarrabawa. Da aka kula da ita al'ada ta dawo. Amma maganar da ta riga ta fita unguwa fa, wa zai dawo da ita?

Suratun Nur ta sanya bulala 80 ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, kuma a cikinta Allah ya wanke Uwar Muminai A'isha (RA). Jinkirin al'ada ba shaida ba ne. Na lissafa muku dalilai goma sha ɗaya, ɗaya ne kawai ciki. Ko da kuma gwaji ya nuna cikin ne, a tambaya cikin natsuwa, domin wata fyaɗe aka yi mata tsoro ya hana ta faɗa. Yarinyar da ta san duka ne ke jiranta, kemis za ta nufa a ɓoye, kuma daga nan ake ɗauko gawa. Uwa, ki zama wadda 'yarki za ta fara gaya wa.

Maigida, ka san lokacin iyalinka kamar yadda ka san ranar kasuwar Sara. Idan ta ce maka wata ya wuce, kada ka ce a bari a gani, ka sayo tsinken gwaji. Idan ta ce mararta na ciwo tana ganin jiri, ka ajiye abin da kake yi. Amana ce za a tambaye ka.

Wanda ya karanta ya karanta wa na gida, domin da yawa daga masu buƙatar wannan darasi ba su da waya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, ya yafe mana kurakuranmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni.

Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.